Faifan da Ya Jira Sallah

Bana azumi ya sake faɗowa cikin sanyi. Shekaranjiya na tsaya a tagar kicin ina jiran shan ruwa, ruwan sama yana ta zuba irin nasa na London, wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sai na ga tun yaran makaranta ba su gama wucewa ba an kunna fitilun titi. Matasan masallacinmu murna suke yi, wai azumin bana ba wahala.  Na riga su ganin irin wannan azumin, tun a tsakiyar shekarun casa'in, kuma ban ji daɗinsa ba. Ranar da aka ga wata na ɗauko tsohon ƙyallen tebur na lulluɓe garmahona, 'yata Zainab ta ɗago kai daga wayarta ta ce, "Dad, again?" Na ce mata eh. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, ni kuma ba na jin zan iya faɗa mata da Turanci.

A wancan lokacin tukwane nake wankewa a kicin ɗin wani otal a tsakiyar gari. Karatu ya kawo ni, tallafin da ake aiko mana daga gida ya tsaya, karatun ya tsaya tare da shi, kunya kuma ta hana ni komawa Kano hannu rabbana. Ɗakina yana Tottenham, a bayan wani shagon soya kaji, bangonsa kullum a jiƙe. Duk mako sai na kankare fumfuna daga kusurwa, kafin mako ya zagayo ta dawo. Sauran ranakun ba ni da abin faɗa a kansu. Lahadi ce kawai tawa, kuma a gidan Bitrus nake ƙarar da ita.

Bitrus mutumin Kafancan ne, aikinsa tura gadajen marasa lafiya a asibiti. Matarsa Saratu, wadda muke kira Maman Rahila, nas ce a wani asibitin daban. Hukumar unguwa ta ba su flat a can saman wani dogon bene wanda lif ɗinsa ya fi kwana a lalace. Na huɗunmu shi ne Alhassan, ɗan zangon Kumasi, wanda ya girme mu duka. Yana aiki a wani ƙaton gidan wanki inda ake wanke zannuwan gadon otal-otal, cikin injuna masu ƙara kamar jirgi zai tashi. Ƙarar nan ta cinye masa kunnen dama tun kafin in san shi, shi ya sa kullum a karkace yake zama, kunnen hagu yana fuskantar lasifika. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ni kuwa bai taɓa kirana Habu ba, sai "Kanawa", kamar ni kaɗai ne jama'ar birnin.

Faifai ne ya haɗa mu. Shekarun nan Turawa suna ta zubar da faifan garmahonsu saboda CD ya shigo, sai ka tarar da kwali guda a ƙofar shagon gwanjo, ruwa yana dukansa, ana neman mai kwashewa. Waƙoƙin da a gida sai a rediyo ko a ɗakin ɗan wani attajiri muke jin su, ga su a ƙasa kamar shara. Mu kuwa muka yi ta tsinta. Duk inda ɗayanmu ya ji wani masoyin kiɗa ya rantse cewa faifai kaza ba a yi kamarsa ba, ko direban bas ne ɗan Jamaika, ko mai gadi ɗan Kongo, ko wani tsohon Bature mai shagon gwanjo da ba shi da haƙoran gaba, sai ya nemo shi ya kawo ranar Lahadi a yi masa shari'a.

Sai an yi aiki ake saurare. Muna isa bayan azahar, Maman Rahila ta riga ta ɗora tukunya, yawanci shinkafa da wake, ranar da aka samu hali a jefa fukafukan kaza. Ni da Alhassan mu tsaya a bakin famfon kicin, ina wanke faifan da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun kwanuka tunda wanki sana'ata ce, shi yana tsanewa da tsohuwar singileti, mu jera su a wurin da ake kife faranti su bushe. Bitrus yana can yana hura allura yana share ta da tsohon burushin haƙori. Sannan a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a duba ledar da aka manna wa tagogi ko ta ɓalle. Wutar gidan ta mita ce, hita kuma shanye ta take yi, saboda haka da an ɗora faifai sai a kashe hita, kada wuta ta yanke a tsakiyar waƙa. Mu zauna da rigunan sanyinmu, bargo ɗaya a kan gwiwoyin mutum uku, numfashinmu yana fita fari-fari.

Dokokin ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Wanda ya kawo faifai ba ya cewa uffan har sai fuska ɗaya ta ƙare, kuma ba shi da ƙuri'a. Sauran ukun su ne alƙalai. In an ce "a cire", faifan ya faɗi, a mayar da shi kwalinsa, mai shi ya sha tsiya har wata Lahadin. In an ce "a juya", ya ci, ya cancanci a ji bayansa. In kuwa an ce "a sake", wato a mayar da allura farko, to ba abin da ya wuce wannan, kuma sai bakin alƙalan uku ya zo ɗaya.

Ni dai "a cire" ba ta yi mini nauyi a baki. Akwai wani faifan busa na Amurka da Bitrus ya daɗe yana yi mana kirarinsa, wai likitocin asibitinsu sun ce duk wanda bai ji shi ba bai san kiɗa ba. Muka zauna muna jiran waƙa ta fara, har fuska ta ƙare mai ƙahon bai gama gyaran murya ba. Na ce, "Baban Rahila, mutumin nan hanya ce ta ɓace masa, ko haka likitocin suke so?" Maman Rahila ta yi dariya har ta ƙware. Ita kuma inda aka fi ƙarfinta shi ne muryoyin baƙaƙen matan Amurka masu waƙa kamar a coci. Da sun ɗaga murya sai ta rufe ido ta ce "a juya" tun ba a tambaye ta ba. Jitar Kongo kuwa ba ta taɓa faɗuwa a falon nan ba, don ita kaɗai ke sa mu manta da sanyi.

Amma "a sake" ba wanda ya taɓa samunta, kuma Alhassan ne ya hana. Komai daɗin faifai, in biyu sun ce a sake, sai ya karkata kai ya ce, "Yana da kyau. A juya shi. Amma bai kai na mama na ba." In shi ya kawo kuma, sai mu rama, mu ma mu hana shi.

Mahaifiyarsa tana cikin 'yan amshin wani mai goge a zangon Kumasi. An taɓa kwasarsu a mota aka kai su Akra aka ɗauki faifai ɗaya, kaɗan aka buga. Alhassan ya ji shi a shagon wani tela yana saurayi, bai ɗauke shi a bakin komai ba, tunda mai muryar tana gida tana yi masa faɗa safe da yamma. Ta rasu yana London. Ba shi da takardu, in ya fita ba zai dawo ba, saboda haka bai je jana'iza ba. Ba shi da hotonta, ba shi da kaset. Faifan nan ne kaɗai inda muryarta ta rage a duniya, kuma shekara da shekaru yana aika saƙo gida a nemo masa shi.

Na sha tsokanarsa a kai. "Yaya Alhassan, anya an taɓa yin faifan nan? Ko a mafarki aka buga shi?"

"Kai Kanawa, bakin ka ya yi yawa," in ji shi. "Ranan da ya zo, kai da kan ka za ka ce a sake."

Akwai doka ta ƙarshe, kuma shi ya kafa ta. In azumi ya kama, ana rufe garmaho sai Sallah. Lahadin ƙarshe kafin ganin wata, da hannunsa yake ɗauko ƙyallen tebur da Maman Rahila ta saƙa ya lulluɓe shi. Bitrus da matarsa ba azuminsu ba ne, gidan kuma nasu ne, amma ba su taɓa ɗaga ƙyallen ba, ko ba ma nan. A maimakon kiɗa, Maman Rahila ta dama kunu ta soya ƙosai, mu je mu sha ruwa a can.

Shekarar da nake ba da labari mun rufe garmaho kamar kullum. Azumi bai yi nisa ba wata Hajiya 'yar kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da London ta sauka, da faifan a naɗe cikin zani a tsakiyar kayanta. Lahadin farko ta azumi Alhassan ya hau benen nan da ƙafa, ya shigo yana haki, ya rungume abu a cikin rigar sanyinsa. Bai ko yi sallama ba, ya ajiye a kan tebur ya koma gefe yana kallonmu.

Kwalin ya tsufa, ya sha manja a gefe ɗaya, yana warin busasshen kifi. Hoton mai gogen ne kaɗai a jiki, da babbar riga da hula, yana murmushi. Matan ba hotonsu, ba sunansu, a ƙasa an rubuta "da 'yan amshinsa", shi ke nan. Faifan kansa kuwa lafiya lau, na karkata shi ga haske ban ga ƙarzuwa mai zurfi ba.

Bitrus ya miƙe ya nufi garmaho. "Yaya, wannan ba kiɗa ba ne, Mama ce. Bari in ɗaga ƙyallen nan. In da zunubi a rubuta mini, ni ba azumi nake ba."

Alhassan ya riƙe masa hannu. "A'a. Mama na ya tuba da waƙa kafin ya mutu. Ya je Makka ya dawo, ko a biki ba ya buɗe baki. In sa muryan shi cikin Ramadan? Zai ji kunya. Na jira shekaru, wata ɗaya ba zai kashe ni ba."

Muka wanke faifan ni da shi, ya tsane shi a hankali kamar yana goge fuskar jariri, ya mayar kwali, ya tura ƙarƙashin ƙyallen.

Sanyin shekarar ya zo da mugunta. Azumin sanyi gajere ne, ban musa ba, amma wanda ya ce ba wahala bai yi shi a ɗaki mai danshi ba. Ƙishirwa ba ta damunka, yunwa ce take haɗa kai da sanyi su shiga ƙashi. Sahur ɗina shayi ne da burodi, a tsaye, da safar hannu. In fita cikin duhu, in dawo cikin duhu, rana sai dai in ji labarinta. A kicin ɗin otal ina kankare ragowar nama daga tire, in lokaci ya yi in juya baya in jefa dabino a baki in ci gaba da wanki. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta narke ta zama caɓi, ta sake daskarewa. Bututun ruwan gidanmu ya toshe da ƙanƙara, muka yi kwanaki muna ɗibar ruwan alwala a shagon kaji da bokiti. Takalmina ya huje, sai na ɗaura leda a kan safa nake fita.

Na Alhassan ya fi nawa. Yana wuni cikin tururin injin guga, jiki sharkaf da gumi, sannan ya fito ya tsaya a tashar bas iska tana yankarsa. Mura ta kama shi, daga nan ta gangara kunnen hagu, mai lafiyar. Ya zo shan ruwa da auduga a kunne, ya ja hular sanyi har wuya. Maman Rahila ta zare audugar ta duba, fuskarta ta canja.

"Yaya, wannan ya wuce man zaitun. Gobe ka je wurin GP, likitan unguwarku."

"Ni ba ni da GP. In na je za su tambaye address, su tambaye paper."

"To mu je asibiti, ni zan kai ka."

"Bayan Sallah. In na yi missing shift, wani zai ɗauki wurin na."

Ranar na ajiye tsokana. Na matsa kusa da kunnen na ce, "Yaya, don girman Allah ka saurari faifan nan yau. An sha ruwa, ba wanda zai ce ka karya azumi. In kunya ce, mu sai mu fita mu ba ka wuri." Tsoro nake ji, kuma na gaya masa tsoro nake ji. Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Can ya ce, "Ni na sa dokan, Kanawa. In na karya don kai na, wane irin mutum ke nan? Kunnen yana buɗewa. Jiya ma na ji bell na bas." Na ji haushinsa ranar, har yanzu ma in na tuna ina ji.

A goman ƙarshe bai zo ba. Ni da Maman Rahila muka bi shi ɗakinsa, wani rami ne a ƙarƙashin bene, tagarsa daidai takalman masu wucewa. Muka tarar da shi cikin bargo yana rawar ɗari, matashin kansa ya ɓaci da mugunya da jini. Da fara'a ya tare mu, wai ciwon ya tafi tun jiya, ya samu sauƙi. Maman Rahila ta ɗauko takalmansa ta ajiye a gabansa. A asibiti likita ya ce fatar kunnen ta fashe, ciwon kuma ya shiga can ciki. Ya ba da magani, ya ce a jira, wani abu zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa.

Muka riƙe rabin maganar likita muka watsar da rabi. Ai in na yi magana da ƙarfi kusa da shi yana ji, in Bitrus ya yi yana ji. Abin da ba mu kula ba shi ne, Maman Rahila sai ta yi ta maimaitawa, ƙarshe ya juya ga mijinta ya ce, "Me ya ce?" Mun ɗauka ladabi ne ya hana ta ɗaga murya.

Ranar Sallah muka yi idi a masallacin Regent's Park. Jama'a sun cika har waje, muka shimfiɗa kwali a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, babbar riga a kan rigar sanyi. Alhassan ya sa farin yadi da ya daɗe a akwati, har layin ninkin bai baje ba. Na lura da ido yake bin sahu, sai na kusa da shi ya sunkuya yake sunkuyawa. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka koma Tottenham, muka nufi gidan Bitrus. Bitrus ya yi musayar aiki da wani don ya kasance a gida. Maman Rahila ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta dafa kaza sukutum. Ranar ba a kashe hita ba, Bitrus ya ce ko wuta za ta ƙare gobe, yau dai Mama ba za ta shigo gida mai sanyi ba.

Alhassan ya ce abinci ya jira. Ya ɗaga ƙyallen ya ninke, ya miƙa wa Bitrus faifan, ya zauna a ƙasa ya jingina kunnen hagu da lasifika, tafin hannunsa a kan katakonta. Bitrus ya ƙure ƙara, ya ɗora allura.

Goge ne ya fara, siriri, sai ƙwarya ta biyo. Mai gogen ya shigo da murya mai kauri ya ja baiti ɗaya, sannan matan suka amsa. Ban shirya musu ba. Su huɗu ne ko biyar, har yau ba mu daidaita ba. Ba su da ladabin 'yan amshin rediyo, kowacce da ƙarfinta take shigowa kamar matan da ke kiran juna daga tsallaken kasuwa, amma a ƙarshen baiti sai su sauka wuri ɗaya cif. Ban taɓa zuwa Kumasi ba, amma sai da na ji kewarta. Maman Rahila ta rufe baki da gefen zaninta, hawaye yana zuba. Bitrus ya sunkuyar da kai. Alhassan kuwa ido a rufe, ba ya ko motsi, bai ce uffan ba har fuska ta ƙare. Muka ce a ranmu doka yake bi, kuma dokar yake bi ɗin.

Allura ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas. Bitrus ya ce, "A sake." Maman Rahila ta ce, "A sake." Ni na durƙusa kusa da shi na ɗaga murya na ce, "Yaya Alhassan, a sake. Ka ci."

Ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ya ƙare?"

"Ya ƙare," in ji Bitrus.

"Na ji ƙwarya," in ji shi. "Na ji mutumin kaɗan-kaɗan." Sannan ya ce, "Matan fa? Sun shigo?"

 Hita tana ta hurawa, ƙamshin miya ya cika falo, ni kuwa ji nake kamar in fita da gudu. Ashe siraran muryoyi ne suka fara tafiya, muryar mata da ta yara da saman goge. Abin da ya rage masa sai ƙasa-ƙasan nan da hannu ma yake iya ji.

Muka sake. Muka juya. Bitrus ya murɗa duk abin da ake murɗawa a jikin garmahon, ya je ya aro abin sawa a kunne wurin maƙwabci. Alhassan ya danna shi da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi, ya cire ya ajiye. Daga nan ya ce, "To ku kuna ji. Ku gaya mini, wanne ne shi?"

Ta ina za mu sani? Ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Maman Rahila ta share ido ta ce wa mijinta ya faɗa masa akwai wata mai murya mai zaƙi ƙwarai, tana hawa sama da sauran, lalle ita ce. Bitrus ya faɗa da ƙarfi. Alhassan ya yi 'yar dariya ya girgiza kai. "Allah ya biya ka, Maman Rahila. Amma mama na muryan shi ba daɗi. Ƙarfi ne kawai. In ya kira ni daga bakin famfo, duk zango yana ji." Muka sake ɗora allura muna neman mai ƙarfi, sai muka tarar duk masu ƙarfi ne. Ya gwada rera mana yadda take yi, amma tunda ba ya jin kansa sosai, muryar sai ta bi wata hanya daban, bai sani ba. Tuwon ya huce a kan tebur, ba wanda ya taɓa shi.

Jin bai dawo ba, ƙara tafiya ya yi. Gidan wankin suka sallame shi don ba ya jin ƙararrawar inji. Ya ci gaba da zuwa Lahadi na ɗan lokaci, ya tsane faifai kamar da, ya zauna a wurinsa yana kallon bakunanmu, abin da muka ce shi zai ce. Wata rana Bitrus yana gyara allura, ba a ma fara ba, Alhassan ya ga mun dube shi sai ya ce, "A juya." Ya gane daga fuskokinmu. Bai sake zuwa ba. Mu ukun muka ɗan ja, amma alƙalai biyu ba shari'a ba ce, kuma ni kaina bakina ya mutu, kowane faifai aka ɗora sai in ce a juya don a gama.

Da sanyi ya sake zagayowa ya yanke shawarar komawa Kumasi. Ya zo ɗakina da rana da faifan a cikin leda. A lokacin, da ƙarfi yake magana, kamar yadda kurame suke yi. Ya ce, "Can ba ni da machine, ba ni da kunne. Kai kana da kunne, Kanawa, bakin ka ne kawai ba kyau. Ka riƙa ji. In ka gane mama na, ka gaishe shi." Na karɓa na ce to. Bayan wasu shekaru Hajiyar nan da ta kawo faifan ita ta kawo labarin rasuwarsa. Bitrus da iyalinsa sun koma unguwar Abbey Wood, a can shi ma Bitrus ya rasu, kuma kafin Maman Rahila ta koma Kafancan ta kira ni ta ba ni garmahon da ƙyallen.

Yanzu gidana da ɗumi, bango a bushe, ba na kashe hita don in ji waƙa. Zainab ta nuna mini yadda ake yi a waya, mutanen da ba su san juna ba suna ba faifai taurari da ɗan yatsa, tun ba su kai ƙarshensa ba. Ban ce ba daidai ba ne. Na dai roƙe ta ta nemo mini wannan a ciki, ko wani ya san sunayen matan. Ta bincika iya iyawarta ta ce, "It's not there, Dad."

In Allah ya kai mu Sallah, zan dawo daga idi in ɗaga ƙyallen in ɗora allura, kamar kowace shekara. Wata shekarar in ce mahaifiyar Alhassan ita ce mai shigowa a makare, wata in ce mai ɗan kaushin nan ce, ba kuma wanda zan tambaya. Abin da ban gaya wa Zainab ba shi ne, kwanan nan in jikata ta yi mini magana sai na juya ga mijin 'yata in tambaye shi me ta ce. Bara da na saurara, sai na ji kamar matan sun ragu. Gaisuwar Alhassan tana nan a wurina, har yau ban isar ba.